Ƙaryar Hula

Ku 'yan matan da kuke zuwa wurina ranar Alhamis, ina jin abin da kuke faɗa a zaure kafin ku yi sallama. Wai zanen hula ba aiki ba ne, biro ne da rula, mai ɗinki ce ke shan wahala. Ban ji haushi ba, don ni ma da wannan tunanin na shigo. Amma kafin in miƙa wa kowaccenku ƙyalle, sai kun ji labarin wata hula guda, da shekarar da ta kusa raba mu da wannan sana'a.

Na gama makarantar horon malamai daidai lokacin da aka yanke mana jiha daga Sakkwato. Duk Jega magana ɗaya ake yi: aiki ya dawo gida, yanzu ɗan jiha ne zai ci moriyar jiharsa, kuma wanda ya cancanta shi za a ɗauka. Na je Birnin Kebbi, aka yi mana tambayoyi, aka ce mu koma mu jira. Wadda ta zauna kusa da ni, mai leƙen takardata, ta fara aiki kafin damina ta sauka. Ni kuwa ina ta jira. Ban ce an zalunce ni ba, wataƙila tana da wani abin da ban gani ba. Sai dai tun daga lokacin, in na ji an ambaci cancanta, nakan ɗaga kai in ga wane ne mai maganar.

Inna Dije, yayar mahaifiyata, ita ce ta gaji da ganina zaune a gindin darbejiya ina kallon inuwa. Ta fi shekara talatin tana zana huluna a gidanmu na Sabon Gari.

"Takarda ba ta ruɓewa, Kulu," in ji ta. "Aje ta, taho ki riƙa mani ƙyalle."

Kayan aikinta duka suna cikin wani tsohon gwangwanin alewa: biro ja da shuɗi da kore, guntun rula da lambobinta suka goge, tsohon kwabo mai huda na fitar da da'ira, da ƙayar beguwa da take nuna wa masu ɗinki inda za su huda ido. A jikin bango akwai ƙusa da zarurruka ke rataye, kowane da ƙulli. Awon kawunan mutane ne. Mace ba ta auna kan namijin da ba nata ba, don haka matarsa ce za ta zagaya masa zare ta ƙulla ta aiko. Inna ta san kowane zare da mai shi, har da na waɗanda suka rasu, ba ta yarda a zubar ba.

Hular farko da na zana ta wani malamin allo ce daga Kimba. Na ƙi kwabon Inna, na ɗauko kamfas ɗina na makaranta, wanda wata malama Ba'indiya ta koya mana lissafi da shi kafin kwantiraginta ya ƙare ta koma ƙasarsu. Na fara daga goshi kamar yadda aka nuna mini, ina jera zanen gida-gida, wani ya bi dama wani ya bi hagu, su je su haɗu a ƙeya inda ɗinkin ƙyallen yake. Komai ya tafi daidai sai da na isa ƙeyar. Nan fili ya rage, faɗin yatsa biyu. Bai isa gida guda ba, kuma ba a barinsa fari. Na ɗauko takarda zan raba awon da yawan gidaje in sake daga farko, Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce kan ɗan Adam bai san lissafi ba, in na tsaya sai ya rabu daidai, malamin zai yi Sallah da rawani kawai.

Ta karɓi biron, ta ja wani ɗan reshe ya lanƙwasa ya cike filin, kai ka ce da ma can da shi aka tsara zanen. Wannan shi ake kira ƙarya. Kowace hula tana da tata, a ƙeya take zama, kuma faɗinta ya danganta da kan mai hular. Kowace mai zane da irin yadda take yin tata. In kuna so ku san hannun da ya zana hula, kada ku dubi gaba, gaba na kowa ne. Ku juya ta.

Na fi shekara ina ɓata ƙyalle kafin Inna ta bar ni in rufe ƙeya ni kaɗai. A nan na gane ba mu kaɗai ke cin abinci da biron ba. Tela ne ke haɗa ƙyallen ninki-ninki, mu zana, matan Kimba da Maiyama da Andarai su ɗinka a cikin gidajensu, mai wanki ya sa sitaci ya ɗora a kan gungume ya buga, sannan dillali ya kai kasuwa. Hula mai cikakken aiki takan ci wa mace wata guda ko fiye, tsakanin daka da girki da goyo. Ige ce ke haɗa mu da matan Andarai. Ranar kasuwa za ta shigo da kwalla a ka, cike da ɗinkakku, ta koma da zanannu. Da allura ta sayi akuyoyinta, da allura ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. In layina ya karkace, watan wata mata ne ya karkace.

Zanen da ya fitar da sunana a hanyar Aliero na samo shi. Mun je biki da rani, motar ta lalace a gefen wata gonar albasa da aka bari don iri. Duk ta yi fure, farare ƙwal, dunƙule-dunƙule a kan dogayen karare, iska na kaɗa su kamar taron mutane masu gaisawa. Kowa na faɗa da direba, ni ina kallo. Da na dawo na zauna da kamfas da kwabon Inna duka biyu, na fitar da fure mai ƙananan idanu birjik, kowane ido sai an huda an zagaye shi da zare. Masu ɗinki suka tsine mini don wahalarsa, masu saye suka yi rububinsa. Aka sa masa suna Furen Albasa. Ango in bai sa shi ba, kamar ba a ɗaura ba.

Dillalinmu Kawu Garba ne, ƙanen Inna da mahaifiyata. Ɗan kasuwa ne mai hannu da yawa, albasa zuwa kudu, yadi daga Kano, daga baya ya fara zuwa Jidda sari. Allah ya ba shi kai. Inna takan ce tun yana yaro kansa awa albasar Aliero da ta sha ruwa. Da ya ce a yi masa Furen Albasa, ita ta auna shi da hannunta. Na zana, na iso ƙeya, sai filin da ya rage ya kusa gida guda cur, amma fure ba zai shiga ba. Na daɗe ina dubansa. A ƙarshe na zana toho, furen da bai buɗe ba, ya ɗan sunkuyar da kai tsakanin ganye biyu. Ban taɓa yin irinsa ba, ban kuma sake ba, don ban sake samun kai irin wannan ba. Ige ce ta ɗinka, Inna ta miƙa masa, ya tafi Jidda da ita a ka. Da ya dawo ya ce ta ɓace a masauki.

A shekarun nan ne Bakari ya buɗe shago a Sabon Gari. Bakari Sanagal ake ce masa, ko da yake ya sha faɗa cewa shi mutumin Mali ne, ba wanda ya saurare shi. Ya zo da keken surfani da ba a taɓa gani a Jega ba, yana yi wa manyan riguna aikin wuya. Telolin garin suna cin mako a kan riga, shi ya gama a kwana biyu, kuma nasa ya fi tsafta, wannan ko masu ƙinsa ba su musa ba. Masu kuɗi suka koma wurinsa. Tun da riga da hula tare suke tafiya, yakan aiko a ba shi hular mutum ta kwana biyu a shagonsa don ya dace da launin zaren. Ran da na je karɓar wata, ya juya ta a hannu ya ce da Hausarsa mai gargada, wadda ba ta raba mace da namiji:

"Malama, zane naka yana kyau. Amma zare naka yana faɗa. Wannan kore, wannan ja, ba su gaisa ba."

Na karɓi hular na fita. A gida na shimfiɗa hular a rana na duba, na tarar gaskiya ya faɗa. Daga ranar na rage ja.

Mummunar shekarar ta fara ne bayan dawowar alhazai. Huluna suka bayyana a kasuwar Jega cikin leda, goma-goma, masu sheƙi, aikin inji. Kuɗin guda bai kai kuɗin zaren tamu ba. Kuma zanen Furen Albasa ne. Daga nesa nake hango su a kan mutane, don mace ba ta tsayawa ta ƙura wa goshin namiji ido a hanya, ni kuma na ƙi a kawo mini ko guda gida. Ba wanda ya san inda ake yin su. Wasu suka ce Dubai, wasu Pakistan, wasu Sin. Masu sayarwa suka ce su ma daga hannu na uku suka karɓa. Abin da muka sani shi ne, sai an ɗauki hular gaske an kai can kafin a kwaikwaya. Wani ne ya kai.

Aiki ya tsaya cak. Zarurrukan Inna suka yi ƙura a ƙusa. Ige takan zo da kwalla cike da ɗinkakku ta koma da su, ba mai karɓa. Wata mata a Maiyama ta warware hular da ta kai rabi don ta sayar da zaren. Mai wankin hula ya koma ɗaukar buhun albasa a tasha. Kawu ya ce kasuwa ta mutu, ba zai iya karɓar ko guda ba sai abin da hali ya yi.

Daga nan aka fara kallon juna. Inna ta daina barin baƙuwa ta zauna kusa da faifan zane. Ni na fara ƙirga waɗanda hulata ke bi ta hannunsu, tela, mai wanki, har Ige ban bari ba. Amma bakin mutane wuri guda ya nufa. Wa ke riƙe hulunan mutane kwana biyu a shago? Wa ke zuwa Kwatano sayen zare? Wa ba shi da kabarin kaka a garin nan? Telolin da Bakari ya kwashe wa ciniki suka samu abin da suke nema. Kawu ne a gaba. A zaurenmu yake zama yana faɗa da ƙarfi, don na ciki su ji, cewa ba a yanke mana jiha don baƙi su zo su kwashe ba, shi bai taɓa ba wannan mutumin ko ɗinkin aljihu ba, ko hularsa ba ta taɓa shiga shagon ba. Ya ce ya yi magana da manyan kasuwa da mai shagon, bayan Sallah za a ce wa Bakari ya kwashe kekensa. Maganar ta zauna mini daidai, kamar yadda ta zauna wa kowa. Ya fi sauƙi a ce wanda ya fi ka iyawa ɓarawo ne.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah, Ige ta shigo ba kwalla. Ta jefa wani abu a tabarma ta zauna ba ta gaishe mu ba.

"Inna, dibi abin da maigidana ya sawo. Shekara da shekaru ina ɗinka hulla cikin ɗaki nai, yau ya shigo mani da wagga ga kai, wai ta fi araha. Na ce mishi ni ma ai araha anka same ni."

Na ɗauka. Karo na farko ke nan da na riƙe ta. Ba nauyi, cikinta fes, ba ƙulli ba tabon yatsa. Na juya ƙeya kamar yadda hannu ya saba. Ba ƙarya. Furanni biyu ne suka yi karo a kan ɗinkin, an yanke kowane rabi. Na juyo gaba. A tsakiyar goshi, inda ido ke fara sauka, ga tohona ya sunkuyar da kai tsakanin ganye biyu.

Masu injin sun ga fure ɗaya ya bambanta da sauran, suka ɗauka shi ne adon hular, suka ba shi gaban gida. Na miƙa wa Ige na ce ta duba da kyau. Ta duba, ta rufe baki da gefen mayafi, don ita ta ɗinka shi, ta kuma san kan da aka yi wa.

Inna ta aika a kira Kawu bayan la'asar. Ya shigo da babbar riga, tun bai zauna ba ya fara maganar Bakari. Ta tashi ta zaro zare guda daga ƙusa.

"Garba, duƙo."

"Yaya, lafiya?"

"Duƙo na ce."

Ya cire hula ya duƙa, Alhaji guda, kamar yaron da za a yi wa aski. Ta zagaya zaren, ƙulli ya faɗa inda yake faɗawa. Ta ce Alhamdu lillahi, kan bai ragu ba. Sannan ta aje masa hular ledar a gaba, ta ce in gaya masa abin da na gani. Na gaya masa a hankali, idona a tabarma: mene ne ƙarya, me ya sa take zama a ƙeya, da cewa tohon nan sau ɗaya na taɓa zana shi, a hular da ya ce ta ɓace a masauki, wadda ya rantse ba ta taɓa shiga shagon Bakari ba.

Ya ɗauki hular yana juya ta. Na zaci zai musa. Sai ya yi murmushi.

"Hullata ta, Yaya. Ni na biya. Can Jidda mutum guda da inji shina yin abin da matan Andarai duka ba su yi cikin wata. In ban kai ba wani shi kai, ku dai kun san haka. Kuma talaka ma shina son fure ga kai nai. Da can wa ka sa Furen Albasa in ba mai kuɗi ba?"

Har yau ban samu cikakkiyar amsar wannan ba. Inna ma ba ta yi gardama ba.

"Ban hana ka kasuwa ba. Wanga bawan Allah da kaka so a kora, mi ya yi?"

"Baƙo na."

"Su masu injin, 'yan garin na?"

Ya ce a'a, su ma zuwa suka yi, daga Indiya, daga Pakistan, an ɗauko su don sun iya.

"To," in ji Inna, "ashe ka san darajar baƙon da ya iya. Sai in shina kusa ka kan mance."

Ba a kori Bakari ba. Maganar ta mutu kamar ba a taɓa yin ta ba, ba kuma wanda ya je ya ba shi haƙuri. Ige kuwa ba ta iya riƙe labari. Kafin Sallah ta wuce, daga Jega har Andarai an san cewa rabin mazan gari suna yawo da ƙaryar Alhaji Garba a goshi. Samari suka riƙa tsayar da juna suna cewa juyo mu ga taka. Masu jin kunya suka cusa nasu a ƙarƙashin katifa. Zarurruka suka fara shigowa gidanmu kuma, Ige ta dawo da kwallarta. Muka ɗauka mun ci nasara.

Bakari ya ƙara shekara guda. Waɗanda suka daina gaishe shi ba su iya komawa ba, don kunya ta fi gaba wuyar sauka. Riguna ma suka fara zuwa da surfaninsu a leda. Wata safiya ya tsaya a zaure ya yi sallama, ya aiko mini da ƙunshin zare ruwan toka mai ɗan shuɗi, ya ce wannan yana gaisawa da kowa. Ya ce Jidda zai tafi, ya ji ana neman hannu a can, kuma ba a tambayar mutum kabarin kakansa.

Bayan aikin Hajjin da ya biyo, sababbin huluna suka sauka. Wannan karon ni na aika aka sayo mini. Goshi fure ne cikakke. Na juya ƙeya. Ga ƙarya nan a mazauninta, 'yar siririya, an lanƙwasa ta da kyau har sai wanda ya sani zai gani. Kuma ba ja a jikinta ko ɗis, launukan duk sun gaisa.

Inna ta daɗe tana shafa ƙeyar da babban yatsa.

"Wanga ya iya," ta ce.

Na tambaye ta wa take nufi. Ta ce wanda duk ya yi.

Har yau ban san ko wane ne ba. Kawu daga bakina ya ji bayanin ƙarya, dalla-dalla, kuma bai daina zuwa Jidda ba. Bakari ma ya ji, tun da duk kasuwa ta ji, kuma launin nan na san idon da ke zaɓensa. Ige ta ce ita duka biyun take zargi, ta huta. Ban taɓa tambayar Kawu ba, yana zuwa muna gaisawa, har na sake yi masa hula, don na leda ba sa shiga kansa.

Abin da ya rage mana ke nan: masu manyan kawuna, masu ƙanana, angwaye, da dattawan da ba su yarda su sa abin da ba a auna su ba. Ya isa a ci abinci, bai isa a yi fahariya ba. Matan Andarai da ke ɗinka mana yanzu ba su kai rabin na da ba.

Don haka in kun ga na iso ƙeya na juya muku baya, kada ku ce rowa ce. Zan koya muku goshi da gefe, da yadda ake riƙe biro kada ya zubar, da launin da ke gaisawa da ɗan'uwansa. Ƙeya kuwa kowacce ta nemo tata, kada ta nuna mini, kada ta gaya wa kawunta. In kuma wata rana wani ya sauka a garin nan da hannun da ya fi naku, ku je ku zauna ku kalli yadda yake yi tun yana kusa. Namu mun bar shi ya tafi da idonsa, kuma in shi ne ya gyara musu ƙeyar nan, mu muka nuna masa hanyar tasha.